Yadda Ake Ƙara wa Ƙaramar Laftof Ramuka da Wurin Ajiya Ta Hanyar Hab

Wata rana bayan isha'i wani ƙanenmu da bai daɗe da zuwa Madina karatu ba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, laftof a hammata. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini abin nan. Wai ta cika, ni kuwa ban zuba mata wani abin kirki ba." Na buɗe. Sabuwa ce fil, irin masu sauƙin kuɗin nan da ɗalibi ke iya saya idan ya ɗan tara mukafa'arsa, wato alawus ɗin da jami'a ke ba shi. Ma'ajiyarta giga 64 ce, Windows kaɗai ta lashe kusan rabi. Ya sauke Maktaba Shamila, manhajar nan ta littattafan Musulunci, ya zuba muryoyin darussan da yake naɗowa a Harami, sai layin da ke nuna cikar faifan C, wato ma'ajiyar cikin laftof, ya rine ja. Na juya gefenta: ramin filash guda ɗaya, ƙaramin rami mai siffar ƙwayar wake guda ɗaya, sai na caja da na abin sauraro. Idan ya sa linzami (mouse) babu wajen filash, idan ya sa filash sai ya koma shafa da yatsa.

Har ya fara maganar sayar da ita a Haraj, kasuwar kayan hannu, ya cika kuɗi ya sayi wata. Na ce masa ya dakata. Irin wannan laftof tana iya kai mutum har ƙarshen karatunsa idan aka haɗa mata abu biyu: hab, wato ɗan akwatin nan da ake sokawa a rami ɗaya ya fitar da ramuka da yawa, da kuma ma'ajiya ta waje. Sai dai akwai abin da nake so kowa ya riƙe tun daga nan, domin duk sauran bayanin a kansa ya ginu. Hab rabawa kawai yake yi. Kamar famfo ɗaya ne a tsakar gida aka jona masa bakuna huɗu: ruwan da ke zuwa shi ne dai, idan kowa ya buɗe nasa sai ya ragu a wajen kowa. Wutar da gudun da ramin laftof ɗinka ke bayarwa, su hab zai kasa wa duk abin da ka soka masa, sai dai hab mai cajarsa ta kansa, shi wutar daga bango yake samu.

Mataki na 1: San ramukanka kafin ka taka kasuwa

A nan mutane suka fi yin asarar kuɗi, don haka zan ɗan daɗe a wurin.

Kifa laftof ɗin, ka karanta lambar samfurinta da ke rubuce a ƙasa, ka nemi bayaninta a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Sunan kawai bai isa ba, domin kamfani ɗaya kan fitar da laftof goma da suna iri ɗaya, cikinsu daban-daban. Cikakkiyar lambar ake so.

Babban rami mai kusurwa huɗu, wanda muka saba sa filash, shi ne USB-A. Leƙa cikinsa. Idan harshensa shuɗi ne, ko an rubuta SS a gefensa, to USB 3 ne, yana ɗaukar gigabit 5 a sakan. Idan baƙi ne ko fari kuma babu wata alama, yawanci USB 2.0 ne, wanda iyakarsa megabit 480. Wasu kamfanoni ba sa shafa launin, shi ya sa na ce a duba bayanin kamfani. A aikace bambancin yana da girma: fayil na giga 10 zai ci kusan minti biyar a USB 2.0, amma a USB 3 da ma'ajiya mai sauri ba zai wuce rabin minti ba. Kada sunayen su ruɗa ka. USB 3.0 da USB 3.1 Gen 1 da USB 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne aka yi ta sake masa suna, gigabit 5 ɗin ne. Wanda aka rubuta wa Gen 2 shi ne mai gigabit 10.

Ƙaramin kuma shi ne USB-C, kuma shi ne mai yaudara. Siffar ramin ba ta nuna abin da yake iyawa. Aiki uku zai iya yi: ɗaukar fayiloli, fitar da hoto zuwa talabijin ko majigi, da karɓar caji. Laftof mai tsada takan haɗa duka ukun. Mai araha sau da yawa na farkon kawai take da shi. Idan ka ga alamar walƙiya a gefen ramin, Thunderbolt ne, ya haɗa komai, amma da wuya ka same shi a irin laftof ɗin da muke magana. Idan ka ga harafin D da P a cikinsa, yana fitar da hoto. A bayanin kamfani ka nemi kalmar DisplayPort don hoto, da Power Delivery don caji. Idan ka ga an rubuta data only, to fayiloli ne kawai, kuma duk tsadar hab ɗin da ka saya, ramin HDMI ɗinsa, wato na jona talabijin ko majigi, ba zai nuna komai ba, ramin cajinsa ma ba zai caja laftof ɗin ba. Na ga mutane sun mayar da hab lafiyayye kanti suna cewa ya lalace, alhali ramin laftof ɗinsu ne ba ya fitar da hoto.

Gwamnatin Saudiyya ta wajabta USB-C a matsayin ramin caji na wayoyi da ƙananan na'urori daga 1 ga Janairun 2025, ta kuma sa 1 ga Afrilun 2026 a matsayin ranar da dokar ke hawa kan laftof. Wannan ci gaba ne, amma dokar a kan caji take, ba ta yi alkawarin hoto ba, kuma ba ta shafi tsofaffin da ke hannun mutane ko na hannu da ake saye a Haraj ba. Hanya mafi tabbas ita ce gwaji: ari hab ɗin wani abokinka, ka jona da talabijin, ka gani da idonka.

Mataki na 2: Lissafa abin da za ka soka, ka lissafa wutarsa

Ɗauki takarda ka rubuta abin da kake buƙata a lokaci guda, ba wanda kake sha'awa ba. Na ƙanen nan: linzami, filash wani lokaci, ma'ajiya ta waje kullum, da majigi idan zai gabatar da bahasi. Ramuka huɗu sun ishe shi.

Ramin USB 2.0 yana ba da wat 2.5, na USB 3 yana ba da wat 4.5. Na USB-C na iya kaiwa wat 15, amma ba kowace laftof ke bayar da haka ba. Linzami da kibod ba sa cin komai, filash ma ɗan kaɗan ne. Mai cin wuta shi ne hardis, wanda ke da faifai yana juyawa a ciki. Lokacin da zai tashi yakan buƙaci kusan duk abin da ramin USB 3 ke da shi. To idan ka ɗora shi a hab da ke shan wuta daga laftof, ga linzami, ga filash, ga waya an soka ana caji, ba zai ƙoshi ba.

Na san wannan ne da jikina. A shekarata ta biyu a majistir na sayi wani ɗan hab mai araha a wani ƙaramin kanti, na jona masa hardis ɗin da na tara hotunan makhɗuɗar, wato tsohon littafin rubutun hannu, da nake tahƙiƙi a kanta. Nakan ji yana ƙyat, ƙyat, ƙyat, fitilarsa tana ƙyaftawa, na ɗauka haka aikinsa yake. Ashe faifan ne ke ƙoƙarin tashi wuta na yanke masa. Wani dare ina cikin kwafe aiki na soka waya a ramin da ya rage, sai na ji ƙarar nan ta cirewar na'ura. Da safe Windows ta ce sai an yi wa hardis ɗin fomatin kafin a buɗe shi. An ceto mini wani ɓangare, amma muƙabalar mako uku, wato aikin gwada kwafin littafin da juna, sai da na sake ta daga farko. Har yau idan na ji wannan ƙarar a ɗakin wani sai na ce masa ya cire nan take.

Saboda haka hab iri uku ne a gabanka. Akwai mai shan wuta daga laftof, shi ne mafi sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka, ya dace da linzami, kibod, filash da firinta, tunda firinta tana da wutarta. Akwai mai cajarsa ta kansa da ake sokawa a bango, shi ne na wanda zai jona hardis ko ma'ajiya fiye da ɗaya. Sai na USB-C mai ramin caji, wanda ake soka masa cajar laftof ya ci ya kuma miƙa mata saura. Wannan na ukun yana da daɗi, kebul ɗaya ya ɗauke komai, amma sai laftof ɗinka tana karɓar caji ta USB-C. Kuma ka sani hab ɗin yana cire rabonsa, wasu har wat 15. Idan cajarka mai wat 45 ce, abin da zai isa laftof ɗin na iya zama 30, sai ka ga tana cewa caji na tafiya a hankali. Caja mai wat 65 tana warware wannan.

Mataki na 3: Saye

A kasuwa nan kowa da sunan da yake kiransa. Ka ce hab USB, ko muwazzi', ko muhawwil, wasu ma wasla kawai suke cewa. Mafi sauƙi ka nuna hoto a wayarka. Ana samunsa a Jarir da eXtra, da Amazon da noon ga mai saye ta intanet, da kantunan waya da kwamfuta na kowane gari.

Karanta bayan kwali da kyau. Hab da yawa masu rami huɗu an rubuta musu USB 3.0 da manyan baƙaƙe, amma rami ɗaya ne kawai mai saurin, sauran ukun USB 2.0 ne. Idan ba ka da abin sauri sai ɗaya, babu laifi, in dai ka san wanne ne. Idan da HDMI, 1080p ya wadatar da majigin aji da yawancin aikinmu. Mai 4K a 30Hz yana sa linzami ya riƙa jan ƙafa a babban allo, mai 60Hz ya fi santsi. Idan kana son ramin wayar intanet, nemi wanda aka rubuta wa Gigabit ko 1000, domin masu araha a megabit 100 suke tsayawa. Ni na fi son mai jikin ƙarfe a kan na roba, saboda yana fitar da zafi, kuma ƙasar nan ba a faɗa wa kowa zafinta. Idan ramin laftof ɗinka USB-A ne kawai mai sauri, sayi hab mai kan USB-A, kada ka sayi mai kan C sannan ka ƙara masa mahaɗi, kowane mahaɗi ƙarin wurin matsala ne.

Wanda laftof ɗinsa ba ta fitar da hoto ta USB-C, ya fara duba ko tana da ramin HDMI nata, yawancinsu suna da shi. In babu, akwai na'urori masu fasahar DisplayLink da ke tura hoto ta ramin USB na yau da kullum bayan an saka manhajarsu. Sun fi tsada kuma suna ɗora wa ƙaramar laftof nauyi, amma suna fidda mutum kunya.

Karɓi fatura, wato rasit, ka ɗauki hotonta a waya, domin rubutunta na gogewa cikin 'yan watanni, kuma da ita ake neman garanti. Idan hab ɗin mai caja ne, duba an rubuta 100 zuwa 240V, 50 da 60Hz. Da haka zai yi aiki a tsofaffin gidajen da har yanzu ke da soket ɗin volt 127, ya kuma yi a gida Najeriya ko Nijar. Filogin nan mai ƙafa uku irin na Najeriya ne, mutanen Nijar ne za su nemi mahaɗi.

Mataki na 4: Zaɓen ma'ajiya

Kafin ka sayi ta waje, bincika ko laftof ɗin tana da gurbin M.2, wato wajen ƙara ma'ajiya, a ciki wanda ba a sa komai ba. Wasu masu giga 64 suna da shi. Ma'ajiyarsu ta asali, wadda ake kira eMMC, a manne take da allon ciki ba ta ciruwa, amma idan gurbin yana nan, sa SSD, ma'ajiya mai sauri da ba ta da faifai, a ciki ya fi duk wata dabara ta waje. Idan tana cikin garanti ka tambayi wakilin kamfanin kafin a kwance ta. Ta ƙanen nan ba ta da shi, shi ya sa muka koma waje.

Filash na kai saƙo ne, ka kai fayil wajen masu buga takardu ka dawo. Ban yarda mutum ya mayar da shi rumbunsa ba. Katin microSD yana da kyau idan laftof ɗin tana da raminsa, domin yana shigewa ciki ba ya cin ramin USB, kuma ya isa littattafan PDF da muryoyi. Hardis shi ne mafi arahar fili, yana kwafe kamar mega (megabyte, ba megabit ba) 100 zuwa 130 a sakan, amma faɗuwa ɗaya daga kan tebur yana cikin aiki na iya gamawa da shi. SSD ta waje babu abin da ke juyawa a cikinta, tana jure jijjiga, tana kai mega 400 da wani abu a ramin gigabit 5, kusan 1000 a na gigabit 10. Ga ɗalibin da kullum jakarsa na bayansa tsakanin masauki da kulliya da Harami, SSD nake ba da shawara ko da ƙarama ce. Giga 500 na SSD ya fi masa amfani a kan tera 2 na hardis da zai riƙa fargabar ɗauka. Idan raminka mai gigabit 5 ne, kada ka biya kuɗin mafi sauri, ba za ka ga saurin ba.

Kana iya haɗa taka da kanka, sau da yawa ta fi sauƙi. Sayi SSD irin ta cikin kwamfuta, M.2 mai lamba 2280, wato faɗin milimita 22 tsawon 80, da gidanta na ƙarfe. Abin lura ɗaya ne: akwai NVMe akwai SATA, siffarsu kusan ɗaya, amma gidan wata ba lallai ya karɓi wata ba. Ta NVMe yawanci tsaga ɗaya ce a bakinta, ta SATA biyu. Tabbatar sun dace, ko ka sayi gidan da ke karɓar duka. Zare allon daga gidan, ka riƙe SSD ɗin ta gefe ba tare da taɓa haƙoranta na zinariya ba, ka tura ta a karkace cikin gurbin har ta zauna, ka danna ƙarshenta ƙasa, ka ɗaure da ɗan noti ko robar da aka haɗo. Za ka ga wani ɗan laushin abu kamar cingam, na ɗauke zafi ne. Ɓare ledar da ke fuskokinsa biyu ka shimfiɗa a kanta, ka rufe. Minti biyar ne.

A kiyayi na jabu. Idan ka ga filash ko SSD an rubuta tera 2 a kuɗin farantin buhari, araha ba ta ado. An sauya mata lissafi ne ta riƙa nuna babban fili, cikinta kuwa ɗan kaɗan ne. Za ta karɓi fayilolinka ba musu, sunayensu na nan, ranar da ka buɗe ka tarar babu komai. Kafin ka amince wa kowace sabuwar ma'ajiya, gwada ta da manhajar H2testw, kyauta ce, tana cika ta da bayanai ta sake karantawa ta faɗa maka gaskiyar girmanta. Amma idan ka sayi tera 1 Windows ta nuna maka giga 931, ba a cuce ka ba, bambancin hanyar lissafi ne tsakanin kamfani da Windows.

Mataki na 5: Jonawa da fomatin

Idan hab ɗin mai caja ne, fara ba shi wuta, sannan ka soka shi a ramin laftof mafi sauri, sannan ka riƙa ƙara na'urori ɗaya bayan ɗaya kana ganin kowacce ta bayyana. Ba ya buƙatar saka wata manhaja. Idan laftof ɗin tana da ramuka biyu masu kyau, tsarin da ya fi shi ne ma'ajiya ta shiga raminta ita kaɗai kai tsaye, tarkacen su taru a hab. Haka muka yi wa ƙanen nan: SSD a ramin USB-C, hab a ramin USB-A.

Ma'ajiyar da aka sayo a haɗe takan bayyana da kanta. Wadda ka haɗa da hannunka ba za ta fito ba sai an shirya ta. Danna maɓallin Windows tare da X, ka zaɓi Disk Management, ko Idaratul Aƙras idan kwamfutarka da Larabci take. Za ta tambaye ka tsari, zaɓi GPT. Za ka ga sabuwar da baƙin layi a kanta an rubuta Unallocated. Tsaya ka duba girmanta ka tabbatar ita ce, kuma ka cire duk wani filash ko hardis kafin wannan aiki, domin fomatin yana share komai, kuskure ɗaya ya isa. Danna ta da maɓallin dama, ka zaɓi New Simple Volume, ka bi matakan.

Za a tambaye ka tsarin fayil. Idan da Windows kawai za ka yi aiki, zaɓi NTFS, ya fi jure yankewar wuta. Idan za ka riƙa kai ta kwamfutar Apple, zaɓi exFAT, domin Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kai. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce giga 4, ka bar shi sai in wani tsohon talabijin ko rediyon mota ya tilasta maka.

Ga wani ɗan abu da ake mantawa: ba ta harafi na dindindin daga can ƙarshe, kamar S ko M. Idan ka bar ta a D, ranar da ka riga soka filash sai ya karɓe D ɗin, ita ta koma E, duk manhajar da ta san hanyar littattafanka ta ɓace. Ana sauyawa a wuri ɗaya, ƙarƙashin Change Drive Letter and Paths.

Mataki na 6: Kwashe kaya

Kwafa za ka yi, ba yankewa ba. Kwafe folda, ka buɗe wasu fayiloli a sabon wurin ka tabbatar suna aiki, sannan ka goge na ciki ka zubar da kwandon shara. Muryoyi, bidiyo, hotuna da littattafai su ne ke tafiya waje. Shamila ma tana zama lafiya a can. Windows da Office da burauza su zauna a ciki.

A Windows 11 shiga Settings, System, Storage, Advanced storage settings, sannan Where new content is saved, ka mayar da hotuna da bidiyo da sauti zuwa sabuwar ma'ajiyar. A burauza ma ka sauya wurin da ake sauke fayiloli. Ban ba da shawarar a mayar da Desktop ko Documents gaba ɗaya waje ba, saboda ranar da ka fita ba tare da ma'ajiyar ba Windows za ta yi ta kuka. Babin da kake rubutawa yanzu ya zauna a ciki. Ka yi ƙoƙarin barin aƙalla giga 15 a faifan C don sabuntawa ta samu wurin juyawa.

Idan abu ya ƙi

Ma'ajiya na yankewa tana dawowa da kanta: fara zargin wuta. Rage abin da ke kan hab, ko ka mayar da ita ramin laftof. In ta ci gaba, shiga Device Manager, ka buɗe Universal Serial Bus controllers, a kowane USB Root Hub da Generic USB Hub ka shiga Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi don tattalin batir. Sannan gwada wani kebul ɗin, domin kebul-kebul na USB-C da yawa na cajin waya ne kawai, gudunsu na USB 2.0 ne, su ne ke sa SSD mai sauri ta koma tafiyar kunkuru.

Linzami mara waya yana tsalle-tsalle tun da ka jona SSD: ba lalacewa ya yi ba. USB 3 yana fitar da hayaniya a zangon 2.4GHz, inda linzamin ke magana da ɗan makullinsa da ake sokawa a ramin USB. Mayar da makullin ramin USB 2.0, ko ɗaya gefen laftof ɗin, nesa da wayar ma'ajiya. Majigi bai nuna komai ba: danna Windows da P ka zaɓi Duplicate, ka kuma duba an saita majigin a kan HDMI ɗin da ka soka. Hab mai ramin caji kuwa, kada ka zare masa caja kana cikin kwafe fayil, da yawansu suna ɗauke wuta na ɗan ƙiftawa kafin su koma kan batir, wannan ƙiftawar ta isa ta lalata abin da ake rubutawa. Ɗumi a jikin hab ba komai ba ne, amma kada a ɗora shi a kan bargo ko katifa.

Kiyaye abin da ka tara

Kafin ka zare ma'ajiya, danna Eject ka jira saƙon cewa an gama. Kada ka bar ta a mota da rana, ko a jakar da ka jingine a harabar Harami lokacin bazara. Kuma abin da ke wuri ɗaya kawai yana cikin haɗari, ko a SSD mafi tsada yake. Risala, takardun iƙama, wato izinin zama, shahadodi da hotunan iyali su kasance a wuri biyu aƙalla. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, ya ishi rubutun shekaru. Ni kowace Alhamis da dare nake kwafe aikin mako zuwa wani tsohon hardis da ba ya fita daga durowa. Idan akwai abin sirri a ciki, Windows Pro tana da BitLocker na kulle ma'ajiya, mai Windows Home kuma ya nemi VeraCrypt, amma ya rubuta kalmar sirrin a wuri amintacce, domin in ta ɓace babu mai buɗe masa.

Lokacin tafiya hutu gida, ma'ajiya ta shiga jakar hannu, kada ta bi akwatunan da ake jifa tare da dabino da zamzam. Idan ka isa, ka tuna wutar can ba irin ta nan ba ce. Hab mai cajar bango yana iya mutuwa a take idan aka ɗauke wuta, laftof ɗin kuwa tana ci gaba da batir kamar ba abin da ya faru, sai a yanke wa ma'ajiya aiki a tsakiya. A gida ka soka SSD ɗin kai tsaye a jikin laftof ta sha daga batirinta, ka bar wa hab linzami da kibod. Ka kuma cire cajar daga bango lokacin da ake tayar da janareta, sai ya daidaita sannan ka mayar.